Hialeah ko Kendall: inda ya fi dacewa mutum ya kama gida a yankin Miami

Duk wanda aiki ko karatu ya kai shi yankin Miami, a kudancin jihar Fulorida ta Amurka, ba zai daɗe yana neman gida ba zai gane cewa tsakiyar birnin da bakin teku sun fi ƙarfin mai albashi. Daga nan sai hankali ya koma unguwannin gefe, kuma biyu ne aka fi ambata: Hialeah, wadda ake furtawa Hayaliya, a arewa maso yamma, da Kendall a kudu maso yamma. A taswira kamar ba su da wani bambanci, domin kowacce tana nesa da teku, kowacce cike take da masu jin Sifaniyanci, kuma layin jirgin ƙasa ɗaya ne ya haɗa su. Amma zaman cikinsu ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya zaɓa don arahar haya kaɗai yakan yi da na sani kafin shekara ta zagayo. Abu biyu ne ya kamata su yanke hukunci: inda wurin aikinka yake, da kuma ko a shirye kake ka yi rayuwarka ta yau da kullum cikin Sifaniyanci.

Hialeah birni ne mai cin gashin kansa tun 1925, da magajin garinsa da majalisarsa da 'yan sandansa da 'yan kwana-kwanansa. Ƙidayar 2020 ta sami mutum 223,109 a cikinsa, a kan fili da bai wuce murabba'in mil 22 ba, wato sama da mutum 10,000 a kowane murabba'in mil, kuma yawancinsu a ƙananan gidaje ne, ba dogayen benaye ba. Fiye da mutum tara cikin goma 'yan asalin ƙasashen da ke jin Sifaniyanci ne, wajen uku cikin huɗu kuma tushensu Kuba ne. Babu wani babban birni a Amurka da 'yan Kuba suka cika kamar haka. Zuwansu kashi-kashi ne: na farko bayan juyin juya halin Kuba na 1959, sai jiragen da suka yi ta kwaso mutane daga 1965 zuwa 1973, sai mutum wajen 125,000 da suka taso daga tashar ruwa ta Mariel da ke Kuba a 1980, sai masu ƙananan kwale-kwale na 1994, sannan babban kwararar da aka gani bayan 2021. Masu kuɗin cikinsu sun nufi Coral Gables da makamantanta. Masu neman aikin hannu kuwa Hialeah suka sauka, saboda masana'antun ɗinki da suka cika birnin a shekarun 1960 da 1970. Yawancin masana'antun sun rufe, amma halin garin bai sauya ba: gari ne na ma'aikata, direbobin tirela, magina, kanikawa, masu jinya da masu ƙananan shaguna.

Kendall kuwa ba birni ba ce. Ba ta da magajin gari, ƙaramar hukumar Miami-Dade ce ke kula da ita kai tsaye. Yankin da ƙidaya ke kira Kendall yana da mutum dubu 80 da 'yan kai, amma a bakin mutane sunan ya haɗa da Kendale Lakes da The Hammocks da duk unguwannin da suka miƙe yamma a kan titin Kendall Drive har kusa da dausayin Everglades. An gina yawancinta daga shekarun 1970 zuwa gaba, da tituna masu faɗi da rukunin gidaje masu katanga da tafkunan da aka haƙa. Akwai 'yan Kuba da yawa a can ma, sai dai sun gauraya da 'yan Kolombiya da Nikaragwa da Benezuwela da Peru, kuma da yawansu haifaffun Amurka ne.

Maganar harshe

A nan ne bambanci mafi girma yake, kuma shi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Sifaniyanci a Hialeah kamar Hausa ne a Kantin Kwari: za a iya yi maka Turanci idan ka nace, amma ciniki da raha da ragi duk da harshen gari ake yin su. Mai karɓar kuɗi a kanti, makaniki, mai aski, ma'aikaciyar da ke ɗaga waya a ƙaramin asibiti, mai gidan da za ka kama haya, da Sifaniyanci za su fara yi maka magana, kuma a cikin dattawa da sababbin zuwa akwai da yawa da ba su da wani harshen bayan shi. Ofisoshin gwamnati da makarantu da manyan asibitoci kamar Palmetto General suna aiki da harsunan biyu, don haka takardunka ba za su maƙale ba. Inda abin ke ciwo shi ne ƙananan al'amura: bayyana wa mai gyaran famfo inda ruwa ke yoyo, jayayya a kan lissafin gyaran mota, sanin abin da maƙwabci ke ƙorafi a kai. A wajen neman aiki kuma, shaguna da ofisoshi da yawa a birnin ba sa ɗaukar wanda ba ya jin Sifaniyanci, ko da ba su rubuta haka ba.

A Kendall mai Turanci zalla zai yi harkarsa daga safe zuwa dare ba tare da ya rasa mai fahimtarsa ba, duk da zai riƙa jin Sifaniyanci ta ko'ina. Saboda haka, ga iyalin da uwar gida za ta yini a unguwa ita kaɗai da yara, Kendall ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. Amma ga saurayi ko matashiyar da ke da niyyar zama a kudancin Fulorida shekaru da yawa, Hialeah makaranta ce kyauta, domin a duk yankin Miami mai harshe biyu ya fi samun aiki. Yaran da suka taso a can sukan kama harshen a filin wasa tun kafin a koya musu a aji. Sai dai a sani, Sifaniyancin 'yan Kuba yana da sauri kuma suna haɗiye ƙarshen kalmomi, wanda ya koya daga manhajar waya zai ɗauki watanni kafin kunnensa ya saba.

Akwai abin da ya kamata ɗan Afirka ya kiyaye. A ƙasashenmu da yawa ana tuna Fidel Castro da alheri saboda likitocin Kuba da rawar da sojojinta suka taka a Angola. A Hialeah kuwa mutanen da ke kewaye da kai su ne waɗanda aka ƙwace wa dukiya, ko aka ɗaure musu dangi, ko suka tsallako teku a kan katako. Yabon gwamnatin Kuba ko sa riga mai hoton Che Guevara a can cin fuska ne, kuma yana iya ɓata zumuncin maƙwabtaka gaba ɗaya.

Hanya da zirga-zirga

Kafin ka duba kowane gida, ɗauki adireshin wurin aikinka ka auna tafiyar da ƙarfe 7:30 na safe da 5:30 na yamma a ranar aiki, ba ranar Lahadi ba. Hialeah tana tsakiyar inda ayyukan hannu suke. Filin jirgin saman Miami yana kudu da ita, bayan Miami Springs. Rumbunan ajiye kaya na Medley da Doral suna yamma da kudu maso yamma. Opa-locka tana arewa maso gabas. Mai aiki a ɗaya daga cikin waɗannan wurare zai iya isa cikin ɗan lokaci ta titunan cikin gari ba tare da ya biya ko sisi ba. Babbar hanyar Palmetto, mai lamba 826, ta ratsa birnin, kuma layukanta na gama-gari kyauta ne, layin gaggawa kaɗai ake biya. Hanyar I-75 kuma tana kai mutum ƙaramar hukumar Broward da ke arewa. Wanda ke zaune a yammacin Kendall yana aiki a filin jirgi ko tsakiyar Miami kuwa, yawanci sai ya bi Turnpike ko hanya mai lamba 874 ko 836, kuma dukkansu na kuɗi ne. Ana cire kuɗin ta na'urar SunPass da ake liƙawa a gilashin mota. Wanda ba shi da ita kyamara za ta ɗauki lambarsa a aiko masa da takardar biya mai tsada fiye da haka. Gosulon Kendall Drive da safe sananne ne a duk yankin, domin dubban gidaje ne ke zubo motoci a kan 'yan tituna kaɗan da suka nufi gabas.

Kendall tana cin riba ne idan aikin a kudu yake: asibitin Baptist, ofisoshin Dadeland, harabar kwalejin Miami Dade ta Kendall, Jami'ar Miami da ke Coral Gables, ko babbar harabar jami'ar Florida International University (FIU). Ɗalibin FIU ko ma'aikacin jinya a Baptist da ya kama gida a Hialeah ya saya wa kansa wahalar Palmetto sau biyu kullum.

Jirgin Metrorail, wanda ya fara aiki a 1984, yana taɓa wuraren biyu. Koren layinsa ya taso daga tashar Palmetto, ya bi ta Okeechobee da Hialeah, ya ratsa unguwar asibitin Jackson Memorial da tsakiyar birni, ya ƙare a Dadeland South. A Hialeah akwai kuma inda ake sauya jirgi zuwa Tri-Rail, mai zuwa Fort Lauderdale da West Palm Beach, ga motocin bas na birnin guda biyu, Flamingo da Marlin. Amma tashoshin Hialeah duk a kudancin birnin suke, na Kendall kuma a can gabashinta. Wanda ke yammacin Kendall sai ya yi doguwar tafiya kafin ya ga jirgi. Idan ba ka da mota a watannin farko, gabashi ko kudancin Hialeah ya fi ko'ina a Kendall, in ban da kewayen Dadeland, inda haya ke da tsada.

Wani abin da ke ɓatar da baƙi: Hialeah tana da nata tsarin lambobin tituna, daban da na sauran ƙaramar hukumar. Palm Avenue ce ta raba gabas da yamma. Titin West 49th Street, babbar cibiyar kasuwancin birnin inda Westland Mall take, shi ne dai NW 103rd Street idan ka fita iyaka. Dabarar ita ce ka ƙara 54: West 68th Street shi ne NW 122nd, East 25th Street shi ne NW 79th. Idan za ka rubuta adireshi, ka tabbata ka sa East ko West da sunan birnin, in ba haka ba kayanka za su tafi wata unguwa.

Inshorar mota tana cikin mafi tsada a Amurka a duk Miami-Dade, kuma kamfanoni suna sa farashi ne bisa lambar gidan waya ta unguwa. Lambobin Hialeah suna cikin masu tsada, saboda yawan haɗurra da ƙararrakin neman diyya. Doka ta wajabta inshorar jinyar kai ta dala 10,000 da ta ɓarnar dukiyar wani ta dala 10,000, amma wannan bai isa komai ba idan ka bugi sabuwar mota, kuma direbobi marasa inshora suna da yawa, don haka ƙara kariyar da ke biyanka idan irinsu suka buge ka hikima ce. Kafin ka sa hannu a takardar haya, nemi farashin inshora da adireshin Hialeah da na Kendall ka kwatanta. Sau da yawa wani ɓangare na rarar da ka samu a haya a nan yake zurarewa. Sabon mazauni yana da kwana 30 ya karɓi lasisin tuƙi na Fulorida.

Gidan haya

Haya a Hialeah ta fi ta Kendall sauƙi a galibi, amma tazarar ta ragu sosai tun 2021, lokacin da sababbin baƙi suka yi yawa. A rukunin gidaje na kamfani, ko a ina ne, ana neman kuɗin shigarka ya kai ninki uku na haya, a duba tarihin bashinka, kuma masu gidaje da yawa suna karɓar kuɗin wata na farko da na ƙarshe da na ajiya a lokaci guda. Idan haya dala 2,000 ce, misali, sai ka tanadi 6,000 kafin a ba ka makulli. Sabon zuwa wanda ba shi da tarihin bashi a Amurka yakan faɗi a wannan tantancewar, kuma wannan ne ke tura mutane zuwa abin da ake kira efficiency.

Efficiency ɗaki ne da banɗaki da ɗan wurin girki, wanda mai gida ya yanka daga gidansa, ko garejin mota ne aka toshe, ko an ƙara gini a baya. Hialeah cike take da su. Amfaninsu a fili yake: ba a tambayar tarihin bashi, wuta da ruwa suna cikin kuɗin haya, kuma ana iya shiga cikin kwana biyu. Matsalarsu ma a fili take. Da yawa an yi su ba da izinin hukuma ba, kuma idan jami'an birni suka gano, mai gida zai sha tara, kai kuma a ce ka tashi. Mita ɗaya ce, saboda haka rigima a kan kunna na'urar sanyaya ɗaki ba ta ƙarewa. Wayoyin wutar tsohon gida ba a yi su don gida uku ba, kana kunna abin ɗumama abinci da dutsen guga tare sai wuta ta yanke. Sau da yawa babu rubutacciyar yarjejeniya, kuma mai gida yana son kuɗi a hannu. Ba tare da takardar haya ko takardar wuta mai sunanka ba, za ka sha wuya wajen nuna shaidar adireshi a ofishin lasisi da makarantar yara. Idan dole ne ka shiga irin wannan ɗaki, ka nemi a rubuta yarjejeniya ko da shafi ɗaya ce, ka biya ta banki ko ka karɓi rasit kowane wata, ka duba sunan mai gidan a shafin intanet na ofishin kimanta gidaje na Miami-Dade don ka tabbata shi ne mai shi, ka kuma tabbatar ɗakin yana da tagar da mutum zai iya fita idan gobara ta tashi. Motocin kwana da ake ajiyewa a tsakar gida ana ba da su haya kuwa, a guje su. Birnin ya tsaurara doka a kansu a 2024.

Dokar haya ta jiha ɗaya ce a wuraren biyu, kuma tana aiki ko da babu takarda. Idan ka tashi, mai gida yana da kwana 15 ya mayar da kuɗin ajiya, ko kwana 30 ya aiko maka a rubuce da dalilin da zai riƙe wani abu, kai kuma kana da kwana 15 ka ƙi amincewa. Haya ta wata-wata ana ƙare ta da sanarwar kwana 30. Idan ba ka biya ba, sanarwar kwana 3 ce, ban da Asabar da Lahadi da ranakun hutu, sannan a tafi kotu. Mai gida ba shi da ikon canza makulli ko yanke maka wuta da kansa.

A Kendall wahalar wata iri ce. Yawancin gidajen suna ƙarƙashin ƙungiyar masu gidaje ta rukuni, kuma ko mai gida ya yarda da kai sai ƙungiyar ta tantance ka, ka biya kuɗin fom, ka jira wani lokaci har makonni. Suna da dokoki a kan yawan motoci, wurin ajiye motar baƙo, shanya a baranda, da motar aiki mai rubutu a jiki, wadda wasu rukunan ba sa bari ta kwana a ciki. Mai sana'ar da ke yawo da motar kaya ya karanta dokokin nan kafin ya biya komai. A tsofaffin unguwannin Hialeah babu ruwan kowa da wannan: za ka ga tirela da kwale-kwale a ƙofar gida, an shafe tsakar gida da siminti, zakara na cara da asuba, kiɗa na tashi ranar Asabar. Wanda ke son shiru da ciyawa da itatuwa, Kendall ce tasa.

Ga mai niyyar saye

Gidajen gabashi da tsakiyar Hialeah yawancinsu na shekarun 1950 da 1960 ne, ginin bulo mai ƙarfi a kan ƙaramin fili. Abin da ke lalacewa a cikinsu sananne ne: bututun ƙarfe na magudanar ruwa da ke ƙarƙashin daɓe, wanda tsatsa ke cinyewa, kuma gyaransa sai an fasa ƙasa, tsohon akwatin wuta da kamfanonin inshora ke ƙi, gara a katakon rufi, da ɗakunan da aka ƙara ba izini, waɗanda laifinsu ke komawa kan sabon mai gida. Ka sa a zura kyamara cikin bututun, ka nemi tarihin izinin gini daga ofishin birnin, ka kuma sa a yi binciken abubuwa huɗu da masu inshora ke nema a tsohon gida, wato rufi da wuta da famfo da na'urar sanyi, tare da binciken ƙarfin gida a gaban iska, wanda ke rage kuɗin inshora. Sababbin gidaje suna can arewa maso yamma, bayan I-75, a yankin da birnin ya haɗe a 2004. Suna da kyau, amma akwai ƙarin harajin raya unguwa a kan takardar harajinsu, kuma suna kusa da wuraren fasa dutse, inda mazauna suka daɗe suna kuka da girgizar nakiya.

A Kendall abin dubawa shi ne lafiyar asusun ƙungiya. Bayan rushewar wani bene a garin Surfside da ke bakin tekun Miami-Dade a ranar 24 ga Yuni 2021, inda mutum 98 suka rasu, jiha ta wajabta binciken ƙarfin gini ga benaye masu hawa uku zuwa sama idan sun kai shekara 30, ta kuma tilasta tara kuɗin gyara. Tsofaffin rukunan Kendall da yawa sun faɗa cikin wannan, kuɗin wata-wata ya tashi, wasu kuma an ɗora wa kowane mai gida kaso na musamman. Gida mai arahar da ta yi yawa a irin wannan rukuni, akwai dalili. Ka nemi kasafin ƙungiyar da rahoton binciken da bayanan tarurrukanta na baya-bayan nan.

Kuskure ɗaya da masu saye ke yi a wuraren biyu shi ne ɗaukar harajin tsohon mai gida a matsayin nasu. Doka ta hana ƙimar gidan da mutum ke zaune a ciki tashi fiye da kashi 3 cikin ɗari a shekara, saboda haka dattijon da ya sayi gidansa a 1985 yana biyan kaɗan. Da an sayar, sai a sake kimantawa a farashin yau. Ka yi lissafi da farashin da ka saya, sannan ka nemi rangwamen gidan zama kafin 1 ga Maris.

Guguwa da ruwa ba su bar kowa ba. Lokacinsu daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba. Wuraren biyu ba a bakin teku suke ba, amma ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya da aka ƙwato yawancinta daga fadama, ruwan sama mai ƙarfi yana kwanciya a tituna. Guguwar Andrew ta Agusta 1992 ta fi yi wa kudu ɓarna, har da unguwannin kudancin Kendall, kuma bayanta ne aka tsaurara dokar gini, shi ya sa shekarar da aka yi rufi da tagogi ke da muhimmanci. Inshorar gida ba ta biyan ambaliya, daban ake sayenta, kuma ta gwamnatin tarayya sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki. Ɗan haya ma ya tambayi maƙwabta ko ruwa na shiga titin, domin mota ce ke fara lalacewa.

Abinci, sallah da yara

Kasuwar Hialeah za ta yi wa Bahaushe daɗi fiye da yadda yake zato. A Sedano's, wanda daga birnin ya faro, da sauran kantunan 'yan Kuba, akwai rogo da gwaza da doya da dankalin Hausa da kuɓewa da ayabar suya da wake iri-iri da shinkafa buhu-buhu, a farashin da ya fi na manyan kantuna sauƙi. Ga gahawa mai kauri da zaƙi da ake saya ta 'yar taga, wadda suke kira ventanita, inda dattawa ke tsayawa hira. Amma Musulmi sai ya buɗe ido, domin alade shi ne ginshiƙin girkin Kuba. Burodinsu na gargajiya da kitsen alade ake kwaɓa shi. Croquetas, wani ɗan soyayyen abin taɓawa nasu, yawanci da naman alade ne. Wake da shinkafar da ake kira moros ko congrí sau da yawa ana sa musu kitse ko ɓawon alade don ɗanɗano, ko da ba ka ga nama a ciki ba. Kalmomin da za ka haddace su ne puerco da cerdo da jamón da tocino da manteca, ka tambaya kafin ka saya. A daren 24 ga Disamba kuwa kusan kowane layi ana gasa alade sukutum a tsakar gida. Maƙwabci zai kawo maka don karamci. Ka yi godiya ka bayyana masa dalili, za su fahimta.

Manyan masallatan Juma'a da aka sani suna wajen iyakar Hialeah. Islamic Center of Greater Miami yana Miami Gardens a kan titin NW 183rd, Masjid Al-Ansar yana Liberty City, kuma daga arewaci ko gabashin Hialeah dukansu ba su da nisa a mota. Kendall tana da Masjid An-Noor a yammacinta, tare da makarantar Islamiyya a harabarsa, da shagunan naman halal a kewayen yankin. Ga iyalin da ke son yara su riƙa zuwa karatun addini a kai a kai, wannan babban maki ne ga Kendall. Wanda kuma aikinsa ke arewa, yana son kusanci da masallaci da unguwar da ake Turanci, ya duba Miami Gardens kanta, birni mai mutum dubu 111 da ɗoriya wanda yawancin mazaunansa baƙar fata ne, ko Miami Lakes da ke manne da Hialeah ta arewa idan aljihu zai ɗauka.

Hialeah tana da wani tarihi da ya shafi yanka. A 1987 birnin ya kafa dokokin hana yankan dabba don ibada, da nufin taka wa mabiya Santería birki, addinin da tushensa ke cikin al'adun Yarbawan da aka kai Kuba a zamanin cinikin bayi. A 1993 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin, ta ce an yi su ne don a ware addini ɗaya. Hukuncin kariya ne ga kowane mai addini, amma bai ɗauke dokokin tsafta ko sharuɗɗan gidan haya ba, don haka layya ta hannun masallaci ko mahautan halal ake shirya ta.

Makarantun gwamnati a wuraren biyu hukuma ɗaya ce ke tafiyar da su, kuma adireshinka ne ke nuna makarantar da ɗanka zai shiga, saboda haka ka duba ta kafin ka kama gida. A Hialeah ajujuwa da yawa cike suke da yaran da ke koyon Turanci, kuma yaron da ya zo da Turancinsa yana iya zama shi kaɗai a filin wasa na ɗan lokaci. Baƙaƙen fata 'yan kaɗan ne a birnin, wannan ma abin lura ne ga yaro mai tasowa. Makarantun musamman da ake shiga ta neman gurbi ba ruwansu da unguwa, ana cike fom ɗinsu daga Oktoba zuwa tsakiyar Janairu, kuma yaro ɗan shekara 4 yana da gurbin share fage kyauta a ko'ina cikin jihar. Wajen shaƙatawa, Hialeah tana da filin Amelia Earhart mai eka sama da 500 da tafkuna da gonar dabbobi ta yara. Kendall tana kusa da gidan namun daji na Miami.

Ga wanda ya zo shi kaɗai, aikinsa a filin jirgi ko Medley ko Doral ko Opa-locka, ba shi da tarihin bashi kuma bai riga ya sayi mota ba, Hialeah ta fi, da sharaɗin ya sami rubutacciyar yarjejeniya ya kuma fara koyon Sifaniyanci tun makon farko. Ga mai iyali da yara 'yan makaranta, wanda aikinsa ke Dadeland ko Baptist ko FIU ko Coral Gables, Kendall ta fi, ko da zai ƙara wani abu a kan haya. Idan miji da mata suna aiki a ɓangarori biyu, a fifita wanda ke ɗauko yara daga makaranta, domin firamare tana tashi ne tsakanin ƙarfe 2 zuwa 3 na rana, kuma wuraren renon yara bayan makaranta yawanci suna rufewa da ƙarfe 6, daidai lokacin da Palmetto ke tsaye cik.